Yadda Nake Haɗa Man Shafawa a Gida Don Hunturun Zariya

Daga tsakiyar watan Nuwamba iskar Zariya ke juyawa. Ta taso daga arewa maso gabas ɗauke da ƙurar Sahara, hazo ya rufe gari har dutsen Kufena ya ɓace wa mai hango shi. Ki shanya wanki, kafin ki matse na ƙarshe na farko ya bushe ƙayau. To abin da iskar nan ke yi wa wanki shi take yi wa fatar mutum. Laimar da ke cikin iska takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 a tsakiyar hunturu, sai ki ga ƙaurin yara ya yi furu-furu har ana iya rubutu a kai da farce, leɓe ya tsage, dunduniya ta yi faso.

A hannun gwaggona na tashi, a cikin birni wajen Ƙofar Gayan. Tana da wani ƙaramin kwano mai murfi da ba ya rabuwa da man kaɗe. Idan muka fito daga wanka muna rawar ɗari, mu hantsi muke nema, ita kuwa ba ta bari.

"Ke, zo nan tun ba ki bushe ba."

"Gwaggo, sanyi nake ji, bari in sha rana tukuna."

"Sai kin shafa. Mai ba ya kama busasshen jiki, 'yar nan."

Sai ta lakato ɗan kaɗan, ta murza a tafin hannunta har ya narke, ta bi ƙafafuna da shi ruwan wanka bai gama tsanewa ba. Sai da na girma na gane cewa wannan magana tata ita ce gindin sana'ar gaba ɗaya, kuma duk abin da zan faɗa a nan a kanta ya tsaya.

Me mai yake yi wa fata?

Saman fatarmu wani siririn rufi ne na matattun ƙwayoyin halitta da aka jera kamar tubalin katanga, kitsen jiki ya zama ƙasar da ta haɗe su. Ruwan da ke cikin wannan rufi shi ke sa fata laushi. Iska mai bushewa tana zuƙe ruwan, sabulu mai ƙarfi da ruwan zafi kuma suna wanke kitsen, sai katangar ta fara tsagewa. Daga nan ƙaiƙayi da gautsi ke farawa.

Man kaɗanya ba shi da ruwa a cikinsa, haka man kwakwa, haka man riɗi. Aikinsu su cike tsagogin nan su rufe fata, ruwan da ke ciki ya kasa tserewa. Idan kin shafa su a fatar da ta riga ta bushe, ƙyalli kawai za ki samu, bayan awa biyu furu-furun ya dawo, ga ƙura ta manne. Akwai kuma wasu abubuwa da aikinsu jawo ruwa ne su riƙe shi a fata, irin su gilisarin da zuma da majinar alobera. Waɗannan su ke shiga farko, mai ya biyo baya ya rufe. Don haka ƙa'idata guda ce: ruwa a jikin fata, amma kada ɗigo ɗaya ya shiga robar mai. Dalilin rabin ƙa'idar na biyu zai zo, domin na ɗanɗana kuɗarsa.

Sayen man kaɗanya

A nan ne yawancin mutane ke faɗuwa tun kafin a ɗora tukunya, shi ya sa zan ɗan daɗe a kai. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen yawan 'ya'yan kaɗanya, kuma bishiyar ta fi yawa a jihohin Neja da Kwara da Kebbi, akwai ta nan Kaduna ma. Bishiya ce mai jinkiri, takan kai shekara 15 kafin ta fara 'ya'ya. Mata ne ke tsintar 'ya'yan da damina, su dafa ƙwallon, su shanya, su fasa, su soya, a niƙa, sannan a yi ta bugun ƙullin da ruwa da hannu har man ya taso a kwashe a sake dafawa. Aiki ne na kwanaki, kuma kowane mataki yana barin alamarsa a jikin man. Ƙwallon da bai bushe da kyau ba yana ba da mai mai tsami. Wanda aka ƙona wajen suya yana ba da mai mai duhu da ƙauri.

Za ki same shi a Kasuwar Sabon Gari da ta Tudun Wada da ta Samaru. Idan wajen Yarbawa kika je a Sabon Gari, ori suke ce masa. Kada ki ji kunyar cewa a buɗe miki ki taɓa. Ki lakato kamar ƙwayar gyaɗa ki ɗora a bayan hannunki. Mai kyau yana fara narkewa da ɗumin jiki kawai, ki murza sau biyu uku ya bi fata, ba ya barin yashi. Launinsa tsakanin fari da ruwan madara ne, wani ya ɗan ja zuwa rawaya, wani zuwa toka-toka. Ki shinshina. Yana da ƙanshinsa na ƙwallo da ɗan hayaƙi, wanda wasu ba sa so, amma wannan ba aibi ba ne. Abin gudu shi ne wari mai tsami irin na tsohon man suya, ko ɗigon baƙi da kore a jikin curin. Wanda ya yi rawaya sosai kamar an zuba masa kala, ki tambayi abin da aka sa masa. Ni nakan wuce shi.

Sauran kayan ba su da wuyar samu. Man kwakwa, man riɗi wanda ba a soya riɗin ba domin na soyayye ƙanshinsa na abinci ne, kakin zuma daga wajen masu sayar da zuma, gilisarin da kafson bitamin E daga kemis. Za ki buƙaci tukunya, kwanon silba da zai zauna a bakinta, farin ƙyalle mai tsabta na tata, maburgi ko injin buga ƙwai, da robobi ko kwalabe masu murfi. Ki wanke robobin tun jiya ki kife su a rana. Wanda kika wanke yau, ko ya yi kama da busasshe, akwai laima a lungun murfinsa.

Idan kina son tatsar man kwakwa da kanki, ki goge busasshiyar kwakwa uku ko huɗu, ki zuba ruwan ɗumi ki matse madarar, ki ɗora a wuta kaɗan kina juyawa. Ruwan zai ƙone, man ya rabu, tukar ta koma ruwan ƙasa. Kada ki sauke sai ƙarar tafasa ta tsaya cak, domin wannan ƙarar ita ce shaidar akwai sauran ruwa. Ki tace ki bar shi ya huce.

Mataki na farko: tsabtace man

Ko yaya man kaɗanyar kasuwa ya kai da kyau, ba ya rasa ɓawo da ɗan yashi. Ki zuba ruwa a tukunya kamar tsawon yatsa biyu, ki ɗora a wuta, ki aza kwanon silba a bakinta yadda gindinsa ba zai nutse ba. Ki yayyanka man ƙanana ki zuba a kwanon. Tururi ne zai narkar da shi. Ba a ɗora man kaɗanya kai tsaye a wuta, musamman ta gawayi da ba a iya rage ta yadda ake so, domin yana ƙonewa ta ƙasa ya ɗauki ƙaurin da ba ya fita. Ki rage wuta da zarar ruwan ya fara tafasa, kada tiririn ya riƙa feso ɗigo cikin kwanon.

Idan ya narke tas, ba sauran gudaji, ki bar shi a kan tururin kamar minti goma. Sai ki sauke, ki goge gindin kwanon da tsumma kafin ki karkata shi, domin ruwan da ya taru a nan yakan gangara ya faɗa cikin man. Ki tace ta cikin ƙyallen zuwa wani busasshen kwano. Ki duba abin da ya rage a ƙyallen, za ki gane dalilin wannan wahala. Yara su yi nesa a wannan lokaci, narkakken mai yana ƙuna.

Mataki na biyu: awo

Da gwangwanin madarar ruwa nake awo, domin kowane gida akwai shi. Gwangwani biyu na narkakken man kaɗanya, gwangwani ɗaya na mai mai ruwa. Wannan gwangwani ɗayan nakan raba shi biyu, rabi man kwakwa rabi man riɗi. Mai ma'auni ta auna giram 300 na kaɗanya da 150 na sauran. Ko da cokali kike awo, biyu da ɗaya ne.

Akwai dalilin da ya sa ba na cika gwangwanin da man kwakwa zalla. Man kwakwa yana daskarewa idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 24, kuma safiyar Disamba da Janairu a Zariya tana sauka ƙasa da haka sosai. Idan shi kaɗai kika sa, da asuba za ki tarar da haɗin ya yi tauri sai kin sa farce. Man riɗi ba ya daskarewa a sanyinmu, shi ke riƙe laushin. Man zaitun ma zai yi wa babba mai lafiyar fata, sai dai zan dawo kansa idan na zo maganar jarirai.

Ki zuba mai mai ruwan cikin kaɗanyar tun da ɗuminta, ki juya su haɗe.

Mataki na uku: sanyaya shi da sauri

Wannan shi ne wurin da ke raba man da ya yi santsi da wanda ya yi tsaki-tsaki. Kitsen da ke cikin man kaɗanya iri-iri ne, kuma ba lokaci ɗaya suke daskarewa ba. Idan kin ajiye kwanon a gefe ya huce a hankali, masu saurin daskarewa sai su riga sauran, su dunƙule su zama ƙananan ƙwayoyi kamar tsakin masara. Ba sa cutarwa, suna narkewa a jiki, amma ba daɗin shafawa. Maganin abin shi ne a tilasta musu daskarewa tare.

In akwai wuta, ki rufe kwanon ki sa a firiji kamar minti 30 zuwa 40. In babu, ki sayi ƙanƙara ki zuba a roba mai faɗi da ruwa kaɗan, ki zaunar da kwanon a ciki kina juyawa da busasshen cokali. Da hunturu ko ruwan randa da ya kwana ya wadatar, in dai kina sauya shi. Abin da kike jira shi ne gefen kwanon ya yi fari ya kama, tsakiya kuma ya yi kauri kamar kunun gyaɗar da ya huce, ki danna yatsa ya bar rami. Idan ya wuce haka ya yi tauri, ki ɗan mayar da shi kan tururi na minti ɗaya.

A nan ake sa sauran ƙananan abubuwa. Ki huda kafson bitamin E huɗu ko biyar ki matse a ciki, yana jinkirta tsufan mai. Idan maiƙo yana damunki, ki tankaɗe cokalin cin abinci ɗaya na garin sitacin masara ki zuba, yana rage ƙyallin da hijabi ke ɗauka. Turare kuwa, na mai za ki sa, ba na fesawa ba. Rabin cokalin shayi ya isa wannan awon, kada ya wuce cokali ɗaya. Ni nakan raba haɗin biyu kafin in sa turare, rabin yara ba na sa masa komai.

Mataki na huɗu: bugu

Da inji, minti biyar zuwa goma. Da maburgi, ki zauna ki saka kwanon tsakanin ƙafafunki kamar mai burga miyar kuka, zai ɗauke ki kusan minti ashirin, hannu zai gaji, amma yana yi. Za ki ga launin yana washewa daga ruwan madara zuwa fari, yana kumbura domin iskar da ke shiga. Ki riƙa kankaro na gefe zuwa tsakiya. Idan kin ɗaga maburgin man ya tsaya a bakinsa da tsini bai zube ba, ya yi. Idan yana ta komawa ruwa, bai yi sanyi ba ne, ki mayar da shi kan ƙanƙara na ɗan lokaci ki ci gaba.

Ki kwashe da busasshen cokali zuwa robobi, ki rufe, ki rubuta ranar da kika haɗa a jikin murfin. Gara ƙananan robobi uku da babba ɗaya, domin wadda ake buɗewa kullum ita ke saurin lalacewa. Washegari zai ɗan ƙara tauri, haka yake.

Idan kin fito wanka, ki ɗan dafa jiki da tawul, kada ki goge. Cikin minti biyu zuwa uku ki shafa. Kamar girman ƙwayar dabino ya isa ƙafafu biyu. Wankan ma ki yi shi da ruwan ɗumi, ki rage mai zafin nan da ke tashin tiriri, duk da na san da wuya a sanyin Janairu. Sabulun salo yana da kyau amma yana da ƙarfi, da hunturu ki taƙaita shi a wuraren da ke buƙata.

Abin da ya same ni da alobera

Wata shekara na ga ana ta yaba haɗa majinar alobera da man kaɗanya. Ina da shukar a tukunya a tsakar gida, sai na yanko ganye biyu na kankare na buga su cikin haɗina. Ranar farko ya yi kyau ƙwarai, ya yi laushi fiye da kullum. Na ajiye a kan madubi muna ta shafawa ni da yara. Wajen kwana goma ɗana ya fara susa, ƙananan ƙuraje suka feso masa a cinya da ƙauri. Da na buɗe robar a hasken rana sai na ga ruwa ya kwanta a ƙasa, ga ɗigon funfuna a cikin murfin. Hankalina ya tashi ƙwarai, domin da hannuna na shafa masa. Muka je asibiti, Allah ya sa abin ya tsaya a fata ya warke cikin mako guda.

Majinar alobera kusan dukkanta ruwa ce. Duk inda ruwa ya haɗu da mai a ɗaki mai ɗumi, ƙwayoyin cuta da funfuna sun samu gida, kuma suna fara yaɗuwa tun kafin ido ya gani. Man kanti mai ruwa-ruwa yana daɗewa ne domin an sa masa sinadarin hana ruɓewa da aka auna. Bitamin E ba ya wannan aiki, turare ba ya yi, zuma ma idan ta gauraya da ruwa ba ta yi. Hukuncin ɗaya ne ga madara da ruwan kokwamba da ɗanyen karas. Masu son man karas su goge shi su shanya a inuwa har ya bushe ƙayau kafin su jiƙa shi a mai.

Ban daina amfani da alobera ba, wurinta na sauya. Nakan yanko ganye, in jingine shi a kofi minti goma sha biyar har ruwan rawayan nan mai ɗaci ya tsiyaye, domin shi ke sa ƙaiƙayi. In wanke, in fere, in shafa majinar a jiki a take, in bi ta da mai. Abin da ya rage ba ya kwana.

Gilisarin ma haka. Cokali ɗaya cikin cokali biyar na tafasasshen ruwan da ya huce, ko ruwan wardi, a ƙaramar kwalbar fesawa. Ki haɗa na kwana biyu kawai, ki wanke kwalbar kafin ki sake. Kada ki shafa shi zalla, yana danƙo, kuma a busasshiyar iska irin tamu ba ya amfani sai da ruwa a tare da shi da mai a samansa. Zuma kuwa ta fuska ce: siririn shafi a jiƙaƙƙiyar fuska, minti goma sha biyar, a wanke.

Man kaushi da faso

Dunduniya ba ta da ƙofofin da ke fitar da maiƙo irin na sauran jiki, ga silifas, ga ƙura, ga alwala sau biyar a rana. Man bugu ya yi mata sauƙi, tana son wanda zai zauna. A nan kakin zuma ke shigowa.

Idan saƙar zuma aka ba ki bayan an matse, ki zuba ta a tsohuwar tukunya da ruwa ki dafa har ta narke, ki tace da ƙyalle, ki bar shi ya kwana. Da safe za ki tarar kakin ya daskare a sama kamar faifai. Ki ɗauke, ki kankare dattin da ke ƙasansa, ki shanya ya bushe. Tukunyar ba za ta koma ta miya ba, shi ya sa na ce tsohuwa.

Awon shi ne cokali ɗaya na gogaggen kaki, uku na man kaɗanya, biyu na man riɗi ko na kwakwa. Kakin za ki fara narkarwa a kan tururi tare da mai mai ruwan, domin sai zafi ya haura digiri 60 yake narkewa. Idan ya narke ki zuba kaɗanyar ki juya. Ki ɗiga kaɗan a bayan cokali mai sanyi ki gwada: in ya yi tauri ƙwarai ki ƙara mai, in ya yi laushi ki ƙara kaki. Ki juye a ƙananan gwangwanaye tun da zafinsa. Wannan ba a buga shi.

Bayan sallar isha'i ki jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi minti goma zuwa sha biyar, ki goge kaushin da dutsen goge ƙafa a hankali, ki dafa da tawul, ki cusa man cikin tsagogin, ki sa safa ki kwanta. Kwana bakwai a jere za ki ga bambanci. Na zaɓi dare da gangan. Abin da muka koya a Islamiyya shi ne maiƙon da ya bi fata ba ya hana alwala, amma abin da ya yi kauri ya zama shamaki tsakanin ruwa da fata sai an gusar da shi. Man da ke da kaki yana iya yin irin wannan kaurin, don haka da asuba ki goge ragowarsa kafin ki ɗaura alwala. Da rana, bayan kowace alwala, ɗan man bugu a hannu da ƙafa tun da laimarsu ya wadatar.

Ina roƙonki ki bar reza. Yanke kaushi da reza yana sa ya dawo da kauri, kuma hanya ce ta rauni. Mai ciwon suga kuwa, ko namiji ko mace, idan faso ya buɗe ko ya yi ja, asibiti za a nufa, domin ciwon ƙafa a wurinsu ba ƙaramin abu ba ne. Iyayenmu tsofaffi su ne suka fi buƙatar a duba musu wannan.

Irin wannan haɗin, ba turare, shi ne man leɓe. Ki zuba a 'yar ƙaramar roba ki sa wa yara a jakar makaranta, ki hana su lasar leɓe, domin yawu na bushewa ya ƙara tsaga shi.

Fuska, jarirai, da abin da ba na sawa

Fuska ba ta son nauyi. Mai yawan ƙurajen fuska ta nisanci man kwakwa a nan, yana toshe ƙofofin fata ga mutane da yawa. Ɗigo biyu ko uku na man riɗi a jiƙaƙƙiyar fuska, ko kaɗanya zalla kamar ƙwayar wake, ya isa. Mai ƙyasfi ta fara neman maganinsa, domin ƙwayar da ke kawo shi da maiƙo take rayuwa, yawan shafa mai yana iya ƙara masa ƙarfi.

Jariri kaɗanya tatacciya kawai nake shafa masa, ba turare, ba man darbejiya, ba komai. Man zaitun da ake yawan ba masu jego, bincike ya nuna yana iya raunana rufin fata idan ana shafa shi kullum, don haka ba na ba da shawararsa ga jariri ko yaro mai kirci. Man gyaɗa ma a bar shi a kicin idan fatar yaro tana da tsagewa. Cibiya kuwa ba wurin mai ba ce ko wane iri, a yi amfani da maganin shafawar da ake bayarwa a asibiti. Kowane sabon haɗi, babba ko yaro, a fara shafa kaɗan a cikin dantse a jira kwana biyu. In ya yi ja ko ƙaiƙayi, akwai abin da jikin bai karɓa ba.

Akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Yanzu ana sayar da haɗe-haɗe a robobi marasa suna, a ce na gargajiya ne zalla, a yi alƙawarin haske cikin mako biyu. Babu man kaɗanya ko karas ko kurkum da ke sauya launin mutum cikin mako biyu. Abin da ke yin haka magungunan tub ne masu ƙarfi da sinadaran bilicin da ake matsewa a ciki a ɓoye, waɗanda hukumar NAFDAC ta daɗe tana gargaɗi a kansu. Suna sirantar da fata, su kawo nankarwa da tabon da ba ya gogewa, masu ɗauke da sinadarin makuri kuma har ƙoda suke taɓawa. Na ga 'yan mata da gaɓoɓin yatsunsu suka yi baƙi fuska ta yi ja, abin tausayi. Haɗin da na koya miki zai sa fatarki ta yi laushi da sheƙi a kan launin da Allah ya ba ki. Lemun tsami ma ba na sawa, ruwa ne, kuma yana ƙona fata idan rana ta doke shi. Man kaɗanya kuma ba ya tare zafin rana yadda za a dogara da shi.

Idan bazara ta shigo

Daga Maris zafin Zariya yana kusantar digiri 40, ɗaki mai rufin kwano kuma ya fi waje. Man bugu zai narke ya zube, iskar da kika buga masa ta fita. Bai lalace ba, in ya sake daskarewa ne zai yi tsaki-tsaki, sai ki narkar da shi tas ki maimaita mataki na uku da na huɗu. Haɗin bazara nakan mayar da shi uku da ɗaya, in ƙara cokali ɗaya na kaki, in ajiye a ƙasa kusa da randa inda rana ba ta kaiwa. Shafawar ma a rage ta, domin mai mai nauyi a kan zufa yana kawo ƙurajen zafi, musamman a wuyan yara da bayansu. Da damina iska tana da laima, ƙafa da gwiwar hannu kawai suka fi buƙata.

Haɗin da ruwa bai taɓa ba yakan kai wata shida lafiya, in ana ɗiba da busasshen hannu ko ƙaramin cokali kuma ba a bar shi a banɗaki ba. Wadda ke son mayar da shi sana'a ta nemi rajistar NAFDAC kafin ta fara kai wa shaguna. Ki riƙa shinshina robar lokaci zuwa lokaci. Idan kin ga ɗigon funfuna ko ruwa ya kwanta a ƙasa, ki zubar da shi duka, kada ki kwashe saman ki ci gaba da sauran. Idan kuwa warin tsohon mai kawai ya fara, ki ɗauke shi daga ɗakin yara ki shafe takalman fata da shi, su ma hunturu yana tsaga su.